Kuɗin shigar gida na tsakiya a gundumomin Amurka: yadda ake ƙiyasta shi, da yadda ake karanta shi shekara bayan shekara

(An rubuto wannan lacca daga sautin da aka naɗa a zaure. An rage maimaici, an bar tambayoyin ƙarshe yadda aka yi su.)

Assalamu alaikum. Malamai, ɗalibai da sauran baƙi, barkanmu da war haka.

Zanen da ke kan allo irinsa za ku tarar idan kuka shiga rumbun alƙaluma na FRED, wanda reshen Babban Bankin Amurka da ke St. Louis yake kula da shi, kuka rubuta sunan kowace gunduma. Layi ne guda na kuɗin shigar gida na tsakiya, ya taso daga 1989, yana hawa yana ɗan gangarowa har zuwa shekarun nan. Ɗan jarida ya gani ya ce gunduma kaza ta samu, ɗan siyasa ya gani ya ce aikinsa ne. Yau so nake mu kwance layin nan mu ga da me aka haɗa shi, domin a mafi yawan gundumomi ɗigon da kuke gani lissafo shi aka yi, kuma hanyar lissafin kanta ta sauya a tsakiyar tafiya.

Amurka na da gundumomi da makamantansu sama da 3,100, kuma ba girmansu ɗaya ba ko kusa. Gundumar Los Angeles a Kalifoniya na da mutane kusan miliyan goma. Gundumar Loving a Teksas, ƙidayar 2020 ta samu mutum 64 a cikinta. Duka biyun ana so a fitar musu da lamba kowace shekara. Duk wahalar aikin daga nan ta taso.

Me ake aunawa tukuna? A wurin Hukumar Ƙidaya ta Amurka, gida shi ne duk mutanen da ke zaune a muhalli ɗaya, ko 'yan uwa ne ko ba su haɗa komai ba. Tsohuwa ita kaɗai gida ce. Ɗalibai huɗu da suka kama haya tare gida ne. Waɗanda ke ɗakunan kwanan jami'a, barikin soja, gidan yari ko gidan kula da tsofaffi ba sa cikin wannan lissafi. Iyali kuwa sai an samu aƙalla mutum biyu da jini, aure ko riƙo ya haɗa. Saboda haka lambar iyali kusan kullum ta fi ta gida girma, tunda an cire masu zaman kaɗaici. Ma'aikatar gidaje ta Amurka da lambar iyali take aiki wajen tantance wanda ya cancanci tallafin haya. Wanda ya ɗauki lambar iyali ta bara ya jera ta da lambar gida ta bana zai ga faɗuwar da ba ta faru ba.

Kuɗin shiga kuma tsabar kuɗi ake nufi, kafin a cire haraji, na duk ɗan shekara 15 zuwa sama a gidan: albashi, ribar sana'ar kai, kuɗin ruwa da ribar hannun jari da haya, fansho, kuɗin tsofaffi na gwamnati, tallafin tsabar kuɗi, kuɗin rashin aiki da makamantansu. Katin tallafin abinci ba ya ciki, inshorar lafiya ta gwamnati ba ta ciki, ribar sayar da gida ko hannun jari ba ta ciki, gado ba ya ciki. Kuɗin rage raɗaɗin korona da aka tura wa gidaje a 2020 da 2021 ma ba su shiga ba, domin a ƙarƙashin dokar haraji aka biya su. Ke nan a waɗancan shekaru aljihun mutane ya fi abin da layin ya nuna nauyi.

Sai na tsakiya. Ku jera gidajen sahu ɗaya daga mafi ƙarancin samu zuwa mafi yawa, ku ɗauki wanda ya tsaya a tsakiyar sahun. Ga misali da gidaje tara, a dubban daloli: 22, 28, 31, 38, 45, 52, 60, 75, 90. Na biyar shi ne na tsakiya, wato 45. In kuwa rabon daidai aka yi, a tara duka a raba tara, 441 ne, kowa 49. Yanzu a ce mai 90 ya sayar ya tashi, wani attajiri mai 900 ya tare. Rabon daidai ya yi tsalle zuwa 139, alhali sauran takwas ɗin ko sisi bai ƙaru musu ba. Na tsakiya na nan a 45. Dalilin da ya sa aka fi son sa ke nan. Amma yana da makantarsa shi ma: in gidaje biyun da ke ƙasa suka faɗo daga 22 da 28 zuwa 10 da 12, har yanzu 45 zai ce muku. Bai san abin da ke faruwa a gefe biyun sahu ba.

Daga ina alƙaluman suke fitowa? Har zuwa shekarar 2000, ƙidayar da ake yi duk shekara goma tana da doguwar takarda da ake ba kusan gida ɗaya cikin shida, a nan ake tambayar kuɗin shiga. Lamba mai kyau, amma sai a shekara goma ana jan ta. Daga 2005 binciken ACS, wato binciken gidaje da Hukumar Ƙidaya ke gudanarwa, ya maye gurbinta. Shi kowane wata ake yin sa, ana aika wa adireshi kusan miliyan 3.5 a shekara, amsawa kuma wajibi ne a doka. Ana farawa da intanet da wasiƙa, sannan a zaɓi wani kaso na waɗanda ba su amsa ba a tura ma'aikaci ya ƙwanƙwasa ƙofa. Tambayar kuɗi na cikin waɗanda mutane suka fi tsallakewa. In aka bar gurbi, hukumar kan ɗauko amsar wani gida mai kama da wannan a shekaru, ilimi da aiki ta cike. Ku lura, tun ba a je ko'ina ba ƙiyasi ya riga ya shigo.

Akwai kuma wata 'yar gaɓa da ake yawan mantawa. ACS ba ya tambayar kuɗin shekarar kalanda, tambayarsa ita ce nawa ya shigo a watanni goma sha biyun da suka wuce. Wanda aka tambaya a Janairun 2023 labarin 2022 yake bayarwa gaba ɗayanta. Wanda aka tambaya a Disamba yana ba da labarin Disambar 2022 zuwa Nuwambar 2023. To lambar da aka rubuta wa 2023 ta shimfiɗu a kan watanni 23, tsakiyarta ma a ƙarshen 2022 take. In masana'anta ta rufe a watan Yuni, kada ku yi tsammanin ganin cikakken raunin a lambar wannan shekarar. Sai ta gaba.

Bari mu yi lissafin da hannu, domin za ku buƙace shi. Jadawalin ACS mai lamba B19001 yana raba gidaje rukuni 16, daga ƙasa da dala 10,000 har zuwa 200,000 da sama. A ce gunduma mai gidaje 10,000. Na tsakiya shi ne na 5,000. Kuna tara rukunan daga ƙasa, kuka ga gidaje 4,400 suna ƙasa da dala 50,000, rukuni na gaba kuma, 50,000 zuwa 59,999, yana da gidaje 900. To na 5,000 na cikin wannan rukuni. Saura gida 600 ku isa gare shi, 600 cikin 900 kashi biyu cikin uku ne, faɗin rukunin dala 10,000, kashi biyu cikin uku nasa 6,667. Amsa: kimanin 56,667. Zaton da aka yi a nan shi ne gidajen sun bazu daidai wa daida a cikin rukunin. A rukuni mai ƙunci wannan zato ba ya ɓarna sosai. A rukuni mai faɗi, kamar 150,000 zuwa 199,999, gidajen sun fi cunkusa a ƙasa, sai lissafinku ya zarce gaskiya. Shi ya sa amsarku ba za ta zo daidai da wadda hukumar ta buga a jadawalin B19013 ba. Su da rukunai masu ƙunci suke aiki.

Amfanin wannan hanya yana fitowa ne idan kuna son haɗa gundumomi. Ba a tara na tsakiya biyu a raba biyu. Ko an auna su da yawan gidaje, amsar ba ita ce na tsakiyar yankin ba. Abin da ake yi, a haɗa jadawalin rukunan gundumomin, rukuni da rukuni, sannan a sake neman tsakiya daga farko. Wannan kuskure ya cika rahotanni, har da na mutanen da ya kamata a ce sun fi haka.

Yanzu ga ainihin matsalar. Hukumar na buga lambar ACS ta shekara guda ne kawai ga wuraren da ke da mutum 65,000 zuwa sama. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na gundumomi ne suka kai haka. Sauran sai lambar da aka tara ta shekara biyar. A da akwai ta shekara uku ga masu mutum 20,000, an daina ta bayan ta 2011 zuwa 2013. Dalilin wannan iyaka a fili yake: a ƙaramar gunduma, gidajen da suka amsa a shekara ɗaya ba su taka kara sun karya ba, wani lokaci 'yan gomomi ne. In sa'a ta sa bana an faɗa kan manoma masu manyan gonaki, baɗi kuma kan 'yan fansho, lambar za ta yi tsalle da dubban daloli ba tare da komai ya motsa a ƙasa ba.

Gwamnati kuwa ba za ta jira ba. Dokar ilimi ta 1994 ta nemi a riƙa raba tallafin tarayya ga makarantun da ke da yaran talakawa bisa sababbin alƙaluma, maimakon na ƙidayar da ta tsufa. Shirin SAIPE na Hukumar Ƙidaya shi ya ɗauki wannan nauyi: yana fitar da ƙiyasin talauci ga jihohi, gundumomi da yankunan makarantu sama da 13,000, da ƙiyasin kuɗin shigar gida na tsakiya ga jihohi da gundumomi. Galibi a watan Disamba ake fitar da na shekarar da ta gabata. Layin da ke kan allo nasa ne.

Dabarar ta samo asali daga aikin Robert Fay da Roger Herriot na 1979. Ga yadda take. Kowace gunduma na da shaidu biyu. Na farko lambar da binciken ACS ya bayar kai tsaye, har da ta ƙananan gundumomin da ba a bugawa. Ba ta karkata, amma tana rawa. Na biyu hasashe ne da aka gina daga bayanan hukumomi waɗanda suka game kowa: kuɗin shiga na tsakiya a takardun harajin da aka miƙa wa IRS, hukumar tara harajin tarayya, daga gundumar, kason mutanen da ba su bayyana a takardun haraji ba, alƙaluman kuɗin shigar jama'a na BEA, ofishin nazarin tattalin arziki na gwamnati, da kason da ya fito daga tallafin gwamnati, da kuma wata tsohuwar lamba mai ƙarfi ta gundumar kanta. Ana duba dubban gundumomi a lokaci ɗaya a gano yadda waɗannan abubuwa ke tafiya da lambar bincike, sai a yi wa kowace gunduma hasashen abin da ya kamata ta samu. Wannan shaida ba ta rawa, amma ba ta san keɓantaccen halin wuri ba. Sai a gauraya su, a ba kowanne nauyi gwargwadon amincinsa.

Ku ɗauki biro. Ƙaramar gunduma: bincike ya ce 48,000, ma'aunin kuskurensa 6,000. Hasashe ya ce 54,000, kuskurensa 3,000. Ku ninka kowane kuskure da kansa: miliyan 36 da miliyan 9. Nauyin bincike shi ne 9 a raba da jimlar 9 da 36, wato 0.2. Hasashe ya kwashi 0.8. Sai a ce 0.2 sau 48,000, a tara da 0.8 sau 54,000, ya ba da 52,800. Wannan ita ce lambar da za a buga. Kun ga kashi huɗu cikin biyar nata ba daga bakin mutanen gundumar ya fito ba. Yanzu babbar gunduma, inda kuskuren bincike 600 ne kacal: ninkinsa 360,000, nauyin bincike ya zama 9 a raba da 9.36, kusan 0.96. A nan hasashe ɗan rakiya ne. Su a aikace da logaridim ɗin lambobin suke yin wannan, sannan su mayar da shi dala, amma tunanin ke nan.

Ni a ganina ciniki ne mai kyau, domin in aka ɗauki gundumomi gaba ɗaya kuskure ya ragu ƙwarai. Sai dai wanda ya biya kuɗin cinikin shi ne gundumar da ta fita daban. Wurin da mutane da yawa ba sa miƙa takardar haraji, ko garin da attajirai ke da gidajen hutu amma harajinsu a wani wuri yake, ko garin jami'a inda ɗaliban da ke haya suke gida a idon bincike amma suna cikin takardar harajin iyayensu a wata jiha: duk waɗannan hasashe zai riƙa jan su zuwa ga kamannin sauran. Kuma layin ƙaramar gunduma zai fito sumul, har ka ɗauka wurin ba ya girgiza, alhali lissafi ne ya goge shi. Ƙari a kan haka, adadin matalauta ana daidaita na gundumomi ya tashi daidai da na jiha, na jihohi kuma da na ƙasa. Na tsakiya ba ya taruwa haka, don haka ba ku da wannan hanyar binciken kanku.

To mu shiga batun lokaci, inda aka fi zamewa.

Ga gundumomi, akwai lambar 1989, sai 1993, sai 1995, sai daga 1997 kowace shekara. 1990, 1991, 1992, 1994 da 1996 babu. Manhajar zane za ta ja layi ta haɗe giɓin, ku kuma ku ɗauka alƙaluma ne. Wannan mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne tsakanin 2004 da 2005. Kafin 2005 SAIPE a kan wani binciken gidaje daban mai suna CPS ya dogara, wanda adireshinsa bai wuce kusan 100,000 ba a duk ƙasar, yana tambayar kuɗin shekarar kalanda da ta wuce, kuma sai an tara shekara uku kafin a samu abin kamawa. Gundumomi da yawa ko gida ɗaya ba su da shi a ciki. Daga 2005 aka koma ACS. Tambayoyi daban, lokacin da ake tambaya a kai daban, yadda ake tattarawa daban. Mudu aka sauya a tsakiyar awo. Har yau binciken biyu ba sa ba da amsa ɗaya: a 2023 CPS ya ce na tsakiyar ƙasa dala 80,610 ne, ACS ya ce 77,719. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Amma in kuka ga layin gunduma ya yi gwiwa a 2005, ku fara zargin mudun. A zanenku ku yanke layin a nan, ku rubuta dalili a ƙasa. Shekarar 2020 ma ku sa mata alama: korona ta hana zuwa gida-gida na watanni, waɗanda suka amsa sun fi karkata ga masu hali, har hukumar ta ƙi buga lambobin ACS na shekara guda yadda ta saba, ta fitar da na gwaji kawai.

Sai dala kanta. Lambobin SAIPE kowace a dalar shekararta take, ba a cire hauhawar farashi ba. Ma'aunin farashin kayan masarufi na Amurka ya tsaya a 124.0 a 1989, ya kai 304.7 a 2023. Ku raba na biyu da na farko, 2.457. Gundumar da take da 28,000 a 1989 sai ta kai kusan 68,800 a 2023 kafin a ce tana nan inda take. In 65,000 ta samu, layi ya ninka fiye da biyu a ido, amma baya ta ci. Ba sai an je nesa ba ma: lambar ƙasa ta CPS ta tashi daga 70,784 a 2021 zuwa 74,580 a 2022, amma da aka cire hauhawar farashi, hukumar ta ce faɗuwa ce ta kashi 2.3 cikin ɗari. Ku kuma faɗi ma'aunin da kuka yi amfani da shi. Ofishin ƙididdigar ƙwadago na da wani jeri da aka gyara ta yadda shekarun baya za su bi hanyar lissafin yau, kuma shi yana nuna hauhawa ƙasa da na ainihin. A kan shekara talatin, bambancin ya isa ya juya ƙaramar faɗuwa ta koma ƙaramin hawa.

Iyakoki ma ba sa zama. An ƙirƙiri gundumar Broomfield a Colorado a 2001 daga sassan gundumomi huɗu. Birnin Bedford a Bajiniya ya koma cikin gundumar Bedford a 2013. Jihar Connecticut kuwa, daga alƙaluman 2022 an bar gundumominta takwas an koma yankunan tsare-tsare tara, iyakokin ba su hau kan juna ba, don haka tsohon layi ya mutu a nan. Kada ku haɗa jadawali da suna. Gundumomin da ake kira Washington sun kai talatin. Ku haɗa da lambar FIPS mai alƙalami biyar, biyu na jiha uku na gunduma. Ita ma takan sauya: gundumar Shannon a Dakota ta Kudu ta zama Oglala Lakota a 2015, lambarta ta tashi daga 46113 zuwa 46102. Kuma ku kiyayi Excel. Lambar Los Angeles 06037 ce. In kuka buɗe fayil ɗin kai tsaye zai cinye sifilin farko ya bar 6037, Kalifoniya gaba ɗaya ta ɓace daga haɗinku ba tare da wani gargaɗi ba. Ku shigo da jerin lambobin FIPS ɗin a matsayin rubutu.

Ko da an gyara duk wannan, akwai abin da lissafi ba ya gyarawa. Layin ba ya bin gidaje ɗaya. Duk wanda aka tarar a gundumar a wannan shekara shi ake aunawa. Gundumar McKenzie a Dakota ta Arewa na da mutum 6,360 a 2010, haƙar mai ta kai ta 14,704 a 2020. Fiye da rabin sahun baƙi ne; tashin lambar bai gaya muku halin makiyayin da yake can tun farko ba, wanda haya da kayan masarufi suka tsananta masa. New Orleans ta sauko daga mutum 484,674 a 2000 zuwa 343,829 a 2010 bayan guguwar Katrina. In waɗanda suka kasa dawowa sun fi yawa a ƙasan sahu, tsakiya zai matsa sama ko da ba wanda ya ƙaru da komai. Haka in gidaje suka ƙanƙance: ma'aurata masu 40,000 kowanne gida ɗaya ne mai 80,000, in suka rabu sun zama gida biyu masu 40,000. Don haka ku riƙa ajiye yawan jama'a, yawan gidaje da kason tsofaffi kusa da layin.

Abu na ƙarshe kafin tambayoyi, tazarar kuskure. Kowace lamba tana zuwa da iyakar ƙasa da ta sama, a matakin amincewa na kashi 90 cikin ɗari. A FRED jeri daban-daban ne, shi ya sa mutane ba sa sauke su. A ce bara 52,800 da tazarar 4,100, bana 55,000 da tazarar 4,300. Ku raba kowace tazara da 1.645, lambar da ke mayar da tazarar kashi 90 zuwa ma'aunin kuskure: 2,492 da 2,614. Ku ninka kowanne da kansa ku tara, kusan miliyan 13.04. Lambar da in aka ninka ta da kanta za ta ba da haka ita ce 3,612. Ƙarin da aka gani 2,200 ne. A raba da 3,612, ya ba da 0.61. Sai ya haura 1.645 kafin a ce an ga canji. Bai kai rabi ba. Wannan gwaji na lambobin da ba su jiɓinci juna ba ne. Na SAIPE kuwa shekara da shekara suna tarayya a hasashe, don haka ku ɗauke shi awon farko. Duk da haka ya ishe ku ku ƙi rubuta cewa gunduma ta ci gaba da kashi huɗu.

Bismillah, masu tambaya.

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, an ce gundumar Loudoun ta fi kowace yawan kuɗin shigar gida. Ke nan mutanenta sun ninka na wasu wurare jin daɗi?

Ta fi, lambarta ta haura dala 150,000, yayin da McDowell a Bajiniya ta Yamma ba ta kai 35,000 ba. Tazarar gaskiya ce. Amma Loudoun na gefen birnin Washinton, inda kuɗin gida ke cinye kaso mai tsoka, kuma gidajenta sun fi yawan masu aiki biyu, McDowell kuwa ta fi yawan 'yan fansho da masu zama su kaɗai. Lambar ba ta cire tsadar wuri ba. Ofishin BEA na da ma'aunin bambancin farashi, amma na jihohi ne da yankunan manyan birane, bai sauko kan kowace gunduma ba.

Tambaya: Malam, za a iya yin irin wannan ga ƙananan hukumominmu 774?

Lissafin zai yiwu, Malama, kayan haɗin ne matsala. Binciken yanayin rayuwa da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi a 2018 zuwa 2019 ya shafi gidaje kimanin 22,000, an tsara shi ne don ya ba da lambar jiha. In kika raba da 774, gida 28 ke nan kowace ƙaramar hukuma, to nauyi kusan duka zai koma kan hasashe. Hasashen kuma da me za a gina shi? Ba mu da takardun harajin da suka game gidaje, ƙidayarmu ta ƙarshe ta 2006 ce. Sannan mu abin da gida ya ci ya kashe ake aunawa, domin kuɗin manomi da kaka yake zuwa, na ɗan kasuwa kuma ba a rubuce yake ba. Layin talauci na wancan bincike naira 137,430 ne ga mutum a shekara. Gida ma a wurinmu masu ci daga tukunya ɗaya ne, ƙofa ɗaya na iya ƙunsar tukwane huɗu. Masu wannan aiki a ƙasashe irin namu da ƙidaya da hotunan tauraron ɗan'adam suke cike gurbin, tazarar kuskurensu kuma ta fi faɗi.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ga ƙaramar gunduma, wanne za a ɗauka, SAIPE ko ACS na shekara biyar?

Ya danganta da abin da ake nema, ranka ya daɗe. In lamba ɗaya ake so ta shekara ɗaya, ta gundumar gaba ɗaya, SAIPE. In ana son a rarraba, misali masu haya da masu gidan kansu, ko bisa shekarun maigida, SAIPE ba shi da wannan, sai na shekara biyar. Shi kuma a kiyaye abu biyu. An riga an mayar da shi dalar shekarar ƙarshe, saboda haka na 2014 zuwa 2018 a dalar 2018 yake, da ita za a gyara hauhawar farashi. Kuma ba a jera waɗanda suka hau kan juna: na 2018 zuwa 2022 da na 2019 zuwa 2023 shekara huɗu cikin biyar amsoshi ɗaya ne. A jera na 2014 zuwa 2018 da na 2019 zuwa 2023.